Sai da Izinin Mai Shi

Har yau in kwamfuta ta fito min da ɗan akwatin nan mai cewa ba ni da izini, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Matata ta san alamar. Da ta ji na fara tsaki a jere sai ta ce, “An taɓo shanun Kawu ke nan,” ta kwashe yara su ba ni wuri.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Safana, cikin shekarun nan na 'yan bindiga da ba sai an yi wa kowa bayani ba. An rufe layukan waya, mai ya gagari talaka, mutanen ƙauye suna kwana da takalmi a ƙafa. Ni ke riƙe da kwamfutar makaranta, ba don na fi kowa iya ta ba, sai don ranar da aka yi taron rabon aiki ban zo ba. 'Yar ƙarama ce ta cinya, cikinta ɗan tsut. Kafin ni tana hannun mataimakin shugaban makaranta, wani dattijo da ya yi ritaya ya koma garinsu Batsari. Gab da tafiyarsa an kai ta gyara Katsina. Mai gyaran ya sa mata sabon tsari, tsohon kuma ya tattara shi a folda guda ya bar min a ciki, kamar wanda ya share ɗaki ya tara sharar a bakin ƙofa. Wannan folda ta cinye fiye da rabin cikin kwamfutar. Kullum sai in ce gobe zan goge ta.

Wata safiya da kaka, ina cikin aji, aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da Kawu, yayan mahaifiyata, daga Babban Duhu, ƙafafunsa butu-butu. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar iyali. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan ya ce, “Ɗan nan, na ga shanuna.”

Shanun huɗa ne guda biyu, fari da ja, waɗanda aka kore masa tun tsakiyar damina. Su ke masa huɗa, su ke jan amalanke, ga gero kuma an girbe yana zube a gona ba abin ɗauko shi. Ya ce an ƙwato wasu shanu daga daji an tara su a wani fili bayan gari, kuma ya je ya ga nasa da idonsa, sun rame amma su ne. Sai dai masu cewa nasu ne sun fi shanun yawa. Dattawan da aka ɗora wa rabon sun ce ko dai mutum ya kawo shaidu ya yi rantsuwa, ko ya kawo hoto a kan takarda su haɗa da bayanansu, don hoton waya kowa na iya karɓa a wurin kowa. Shaidun Kawu duk sun watse, wasu Katsina, wasu Dutsin-ma. Rantsuwa kuwa, ya ce shi bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan dabba ba, kuma ba da furfura zai fara ba.

Na ce, “Kawu, kwantar da hankalinka. Hoton yana wayata.” Ni na ɗauke su da Sallah, yana tsaye a tsakaninsu yana riƙe da igiya. Jan da ƙahonsa na hagu da ya karkace, farin da tsagar kunnensa, komai ya fito ɓaro-ɓaro. Shagon da ake buga takardu a gari ya daɗe a rufe, mai shi ya bi sabis ya koma birni, amma muna da 'yar firinta a makaranta da wutar sola. Na ce masa kafin ya gama shan ruwa an gama.

Muka shiga ɗakin ajiya inda kayan suke. Kawu ya ƙi kujera, ya shimfiɗa buzunsa a gefena. Na jona firinta, kwamfuta ta ce ba ta san ta ba, tun da aka sa sabon tsari ba a gabatar da su ga juna ba. Na ɗauko filashin da manhajar firintar take, na ce ta shiga. Ta ce babu wuri. Na goge tsofaffin tambayoyin jarrabawa, babu wuri. Na goge wa'azozin da na tara, na goge hotunan sunan 'yata ina ji ina gani, babu wuri. Jan layin nan da ke nuna ciki ya cika ko gezau bai yi ba. Na ce to, yau dai ranar foldar nan ta zo, duk da an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na danna mata gogewa. Sai ga ɗan akwati da Turanci, wai ba ni da izinin yin wannan aiki, sai na nemi izini daga wane, ga sunan tsohon mataimakin namu rangaɗau. Na sake dannawa. Ya sake fitowa. Na ce ta sake gwadawa, ta sake gwadawa, ta dawo min da magana ɗaya kamar maroƙi. Na yi tsaki na ce, “Ke, don ubanki, wa ke ba ki wuta?”

Kawu ya ɗago kai. “Mi ta ce?”

Nan ne fa. Da na ce masa ciwo take yi, ko na ce zafi ya yi mata yawa, da shi ke nan. Amma malamin makaranta in an tambaye shi fassara, bakinsa ƙaiƙayi yake. Na ce, “Wai ba ni da izini, sai na tambayi mai shi.”

“To, kayan wa ne?”

“Ba na kowa ba ne, Kawu. Shara ce.”

“Shara da sunan mai ita?”

Na yi masa bayani iya bayani. Na ce sunan da ke jiki na wanda ya riƙe ta ne kafin ni, kuma shi kansa bai san da abin ba. Na ce ba takardunsa ba ne, ba hotunansa ba ne, tarkacen inji ne kawai. Na ce akwai ma hanya mai sauƙi da na taɓa gani wani ɗan bautar ƙasa ya yi: a shiga wurin da aka rubuta mai abu, a cire sunan da ke wurin, in sa nawa. Da ta ga ni ne mai shi, za ta sakar min.

Kawu ya dube ni. Sannan ya ce, “Kai ne mai shi?”

“A'a, amma ai...”

“Za ka cire sunan mutum ka sa naka, ka ce naka ne.”

“Kawu, inji ne fa!”

“To mi ya raba ka da waɗanda na baro can suna nuna shanun mutane suna cewa nasu ne?”

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce wannan daban, wancan daban. Na ce gwamnati ce mai kwamfutar, kuma ni aka damƙa wa. Ya ce to gwamnatin ce ta rubuta sunan wancan bawan Allah, ba nawa ba. Na ce lokaci na tafiya, shanu na can ana ta zagaya su. Ya ce shi an kore masa shanu ba da izininsa ba, ya san ɗacin abin, ba kuwa zai karɓo su da takardar da aka samo ta wannan hanya ba. Ya miƙa hannu ya rufe murfin kwamfutar a hankali, kamar mai rufe kwanon tuwo. Ya ce, “Mutumin yana da rai?” Na ce yana Batsari. Ya ce, “Batsari ba Makka ba ce. Mu tahi mu tambaye shi.”

Na so in lallaba in aikata abina bayan idonsa, ba zan ɓoye ba. Kamar ya shiga zuciyata, ya ce, “In ka taɓa ta ban sani ba, ban yafe ba.” Duk wanda ya tashi a gidan da yayan uwa yake uba ya san inda maganar nan take sauka. Waya babu, balle in kira dattijon in ji ta bakinsa. Kuma rana ta riga ta yi, a lokacin kuwa ba mai hankalin da zai kama hanyar nan ya san la'asar za ta riske shi a kai. Haka muka kwana, ni ina ta juyi, Kawu yana munsharinsa lafiya lau.

Da sassafe muka hau a-kori-kura, ni da jakar kwamfuta a ƙirji, Kawu a kan buhun wake, wata akuya tana cin gefen rigata. Ko'ina shingen jami'an tsaro, ko'ina a sauka a buɗe jaka. A wani wuri aka tambaye ni me zan yi da kwamfuta a wannan hanya. Na ce gaisuwa za ta kai.

Muka isa Batsari da hantsi, aka ce Malam, tsohon mataimakin namu, ya tafi duba gonarsa wajen Wagini, yanzu zai dawo. Yanzun nan ita ce har aka kira azahar. Ina zaune a zaure ina karkaɗa ƙafa, ina ganin shanu a idona, Kawu kuwa ya sami wani tsoho suna ta hirar irin geron da ya fi jure fari. Da Malam ya dawo aka shiga gaisuwa. Ina gida, ina iyali, ina mutanen Safana, yaya aka ji da wannan zamani, Allah ya kawo mana sauƙi, amin, amin. Aka kawo fura. Na ɗauka yanzu za a shiga magana, sai ga tuwo. Sai da aka wanke hannu sannan Kawu ya gyara zama ya ce, “Allah gafarta Malam, wata ajiyarka ce ke hannun ɗan nan, muka zo neman izini a kanta.”

Malam ya dube ni a tsorace. “Ajiyata? Wace ajiya?”

Na kunna kwamfuta na nuna masa. Ya sa tabarau, ya matso, ya ja baya. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin wannan abu ba, shi dai ya san inda ake danna wa a rubuta sakamakon jarrabawa. Na so ya yi dariya, ko Kawu ya ji kunya. Ina! Da ya ji labarin shanu da dalilin zuwanmu, sai idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannun Kawu ya ce irinsu sun ƙare a duniya. Ni kuwa aka bar ni tsaye kamar ɓarawon da aka kama da kaza.

“Na yafe,” in ji Malam. “Duniya da lahira. A goge.”

Kawu ya ce a'a, tunda ga mai shi ga kaya, ya goge da hannunsa. Na juya masa kwamfutar, na nuna masa maɓallin. Ya yi bisimilla ya danna da ɗan yatsa. Sai ga ɗan akwati.

“Mi ta ce?” in ji Kawu.

Na ce, “Ta ce ba shi da izini. Sai ya nemi izini a wurin kansa.”

Malam ya cire tabarau ya karanta sunansa, ya mayar ya sake karantawa. Ya ce, “Ikon Allah. Ni ne fa.” Ya sunkuya kusa da allon ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma, “Ni ne!” Ni dai ban san sanda dariya ta ƙwace min ba, irin wadda ke fitowa in ran mutum ya gama ɓaci.

Kawu bai yi dariya ba. Ya yi tunani, sannan ya ce, “Malam, ka ba shi kyauta.” Malam ya ce ya ba ni, halak malak. Kawu ya juyo gare ni ya ce, “To yanzu naka ne. Sa sunanka, ba ƙarya a ciki.” Na kai hannu ke nan allon ya yi baƙi. Batir ya ƙare, kuma unguwar rabonsu da wuta har sun manta. Da ƙyar muka sami motar ƙarshe mai komawa.

Washegari tun rana ba ta gama hawa kan solar ba ina ɗakin ajiya. Na shiga inda aka rubuta mai abu, na cire sunan Malam na sa nawa. Na danna gogewa ina murmushi. Ba ni da izini. A wannan karon sunana ta rubuto min, wai in nemi izini a wurina! Na dafe kai. Kawu na kan buzu yana jan carbi, ya buɗe baki zai tambaya, na ce, “Kawu, don girman Allah kada ka ce mi ta ce.”

Babu sabis balle in bincika, ɗan bautar ƙasan nan kuma ya daɗe da komawa garinsu. Haka na yi ta shiga lungu ina fita. Ashe zama mai abu daban, ba wa kanka ikon taɓa shi daban, sai ka sake shiga wani wuri ka rubuta cewa ka yarje wa kanka. Na yarje wa kaina. Ta fara gogewa, ta ɗan yi nisa, ta tsaya cak. Ashe uwar foldar kaɗai na mallaka, 'ya'yan da ke cikinta da jikoki suna nan da sunan Malam. Akwai wani ɗan mitsitsin gurbi a can ƙasa da ake yi wa alama don abin ya ratsa har ciki, wanda in ba ka kusa manna hanci da allo ba ba za ka gan shi ba. Na yi masa alama. Ta shiga bin su ɗaya bayan ɗaya, sunaye na wucewa, ni ina zufa, rana na hawa. Da ta gama na goge, suka tafi duka, sai fayil guda ya turje, wai ana amfani da shi. Wa ke amfani da shi? Ni da Kawu ne kaɗai a ɗakin! Na kashe ta na kunna, na sake danna shi da ƙarfin da ya fi ƙarfin maɓallin. Ya tafi. Jan layin nan ya koma shuɗi.

Manhajar firinta ta shiga ba gardama, takarda ta fito da ɗuminta. Kawu ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ga su nan kuwa.”

Kusan da gudu muka isa filin. Tun daga nesa na hango farin, yana tsaye ƙashin haƙarƙarinsa a waje. Na duba gefensa, na duba bayansa, na zagaya garken kaf. Babu ja.

Dattijon da ke shugabantar rabon ya karɓi takardar, ya dubi farin, ya duba kunnensa, ya gyaɗa kai. Da idonsa ya sauka kan jan da karkataccen ƙahonsa sai ya yi salati. Ya ce jiya wajen azahar wani mutum ya zo da shaidu biyu, ya dafa Alƙur'ani, ya ja shi ya tafi. Jiya da azahar. Lokacin da nake zaune a zauren Batsari ina jiran tuwo.

Ban san abin da na faɗa ba duka, amma na san na ɗaga murya a gaban manya, abin da ban saba ba. Na ce a bi shi. Suka ce za a aika ƙauyen da ya ambata, kuma an aika, aka ce ba a san mai wannan kama ba. Na juya kan Kawu na ce, “Ka gani ko? Ka gani? Shi wancan wa ya tambaya? Mu muna can muna neman izinin shara, shi ya zo ya sa sunansa a kan sanka ya wuce!” Mutane suka yi ta ba ni haƙuri. Kawu kuwa ya nufi garken. Ya kwance igiyar da ya zo da ita, wadda ya yi wa madauki biyu, ya zura ɗaya a wuyan farin, ɗayan yana ja a ƙasa.

Geron nan da jakin haya aka kwaso shi, wanda aka samu aka samu. Da damina ta zagayo, sai Kawu ya haɗa farin da san wani maƙwabcinsa da shi ma ɗaya ya rage masa, yau gonar wannan, gobe gonar wancan, kuma shanun ba su saba da juna ba, kunyar huɗa tana fita a karkace. Na daɗe ban je Babban Duhu ba, don haushi nake ji, kuma har yanzu in na tuna ina ji. Na sha faɗa wa mahaifiyata cewa taurin kan yayanta ne ya ci san nan. Takan ce, “To kai wa ya aike ka fassara?”

Bayan an yi shuka sai ga shi a makaranta. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya zaro takardar nan daga aljihu, don dattawan sun bar masa ita na sake buga musu wata. Ta yi laushi saboda ninki. Ya ce ya liƙa ta a bangon ɗakinsa, amma kullum ya buɗe ido jan yake fara gani. Ya ce, “Injin naka da ya iya goge abu, ba ya iya goge min shi daga ciki? A bar ni da farin.”

Haushin nan na tuntuni ya taso min. Na ce, “Ai Kawu, sai da izinin mai shi.”

Na faɗa ne don in soka masa magana, kuma ta soke shi, na gani a fuskarsa. Ya dubi takardar ya ce, “Ni ne mai shi.” Ya sa babban yatsa ya shafa karkataccen ƙahon. “Ko yana ina, ni ne mai shi.”

Na jawo kwamfuta na buɗe, na ce to ya kawo, aikin ba wuya. Bai miƙo ba. Ya ninke takardar yadda take, ya mayar aljihu, ya ce a bar shi. Sannan ya tambaye ni ko motar Babban Duhu ta tashi, na ce ban sani ba, na raka shi tasha.